Nomau da Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

Ku gyara zama ku ji labarin Nomau, mutumin Kwarin Gawo.

Gidan Nomau shi ne na ƙarshe kafin a kai makarantar firamare, ɗaki biyu da rumbu da turken awaki. Mutum uku ne a ciki: shi, da matarsa Hansai mai ƙosai, da 'yarsu ɗaya tilo, Zulai, wadda ke aji shida. Nomau ba mahaukaci ba ne, ba kuma malalaci ba. Abu guda ne dai da shi, magana yadda ta fito daga bakinka haka take shiga kunnensa, ba ya juya ta, ba ya leƙa bayanta. Ran da Hansai ta ce ya sa ido a kan tukunya za ta shiga maƙwabta, ta dawo ta tarar ya buɗe murfi ya kafa fuska a kai, tururi ya mayar da idanunsa jawur, miya kuwa ta ƙone ƙurmus yana kallo. Tun daga ranar Hansai ta koyi auna magana kafin ta sake ta. Sai dai ba kowa ne ya yi zaman da Hansai ta yi da shi ba.

Aikin Nomau gadi da shara a makarantar. Shugabar makarantar, Malama Rakiya, tana da kwamfuta guda a ofis, irin ta tebur, akwatinta a ƙasa, allonta a sama, tana aiki da wutar sola. A cikinta Malama ta tara sunayen 'yan aji shida su arba'in da uku, da ranakun haihuwarsu, da hotunan da wani mai hoto ya zo takanas daga birni ya ɗauka. Wata biyu ta yi tana wannan aiki. Saura kwana goma a rufe karɓar sunaye a ofishin ilimi, kuma duk yaron da sunansa bai shiga ba, ba zai zauna jarrabawar shiga sakandare ba sai baɗi. Zulai na cikin arba'in da ukun nan.

Wata rana da safe Malama ta danna maɓalli, ƙaramar fitila ta kama, fanka ta juya a cikin akwati, amma allo ya tsaya baƙi wuluk. Ta kashe ta kunna, ta sake kashewa ta sake kunnawa, allo bai kawo ba. Ta dafe kai ta ce, “Wayyo Allah, ta ƙi tashi!” An buga ƙararrawa, dole ta wuce aji. Nomau yana bakin ƙofa da tsintsiya, ya ji komai. Ya shiga ya durƙusa gaban akwatin ya ce a hankali, “Baiwar Allah, gari ya waye.” Ba ta motsa ba. Ya tafa hannu, ya buɗe tagogi rana ta shigo, ya ɗan girgiza ta kamar yadda Hansai ke yi masa da asuba. Da abin ya faskara sai ya fita ya kamo zakaran maƙwabta ya ɗora shi a kan tebur. Malama ta dawo ta tarar da zakara tsaye a kan rajista, ya riga ya yi abin da kaji ke yi.

“Nomau, mene ne wannan?”

“Ranki ya daɗe, kin ce ta ƙi tashi. Duk unguwarmu shi ke tashe mu.”

Malama ta rasa ko ta yi dariya ko ta yi kuka. Ta kori zakara, ta ce abin ya wuce nan, sai an kira Injiniya Sadisu.

Sadisu shi ne ya haɗa kwamfutar tun farko, shi kaɗai kuma Malama ta yarda ya taɓa ta, don ta ji labarin masu gyaran da ke goge komai kafin su tambaya. Matsalar ita ce ya tafi wani aiki can kudu, ba zai dawo ba sai bayan mako biyu. Ga wata matsalar kuma: a Kwarin Gawo waya ba ta kamawa sai a kan dutsen da ke bayan makaranta, Malama kuwa cikinta wata takwas, ko matakalar ofis da ƙyar take hawa. Sauran malaman su biyu ne, kowa na riƙe da aji biyu. Saboda haka aka shirya Nomau ne zai riƙa hawa dutse da wayar Malama, ya ji abin da Sadisu ya ce, ya sauko da shi. Malama ta rubuta wa Sadisu saƙo ta ce don Allah ya yi Hausa zalla, mai gadin ba ya jin Turanci ko kaɗan. Sadisu ya yi alkawari, ya kuma cika.

Wata rana Nomau ya hau dutse ya kira. Sadisu ya ce, “Malam Nomau, abu na farko mu tabbatar ba wuta ce ta yi mata kaɗan ba. Ku ba ta wuta kai tsaye, kada ta bi ta ko'ina, mu ga ko za ta kama.” Nomau ya ce an gama. Ya sauko ya wuce gida, ya kwashi garwashi daga murhun ƙosan Hansai ya cika kasko, ya nufi ofis kai tsaye, bai bi ta ko'ina ba, har ta cikin lambun makaranta ya ratsa. Ya ajiye kaskon a gaban akwatin, ya zauna yana fifita. Allah ya sa warin hayaƙi ya kai aji. Malama ta taho da sauri irin na mai ciki, hannu ɗaya a ƙugu, ta tarar gefen labulen tebur ya fara ci.

“Innalillahi! Nomau, za ka ƙone mu!”

“Ai ta kusa kamawa, ranki ya daɗe. Dubi nan gefen.”

Aka kashe labule da ruwan buta, aka duba kwamfuta ba abin da ya same ta sai ɗan ɗumi. Malama ta zauna ta tambayi Nomau abin da Sadisu ya faɗa, ya maimaita mata. Ita da kanta ta cire wayar wutar ta soka a bango kai tsaye kamar yadda Sadisu ke nufi. Fitila ta kama, fanka ta juya, allo baƙi. Ta ce, “Daga yau duk abin da Injiniya ya faɗa, ka zo ka gaya mini tukuna.”

Wata rana kuma Sadisu ya ce, “Wani lokaci linzami ne ke hana ta. Ku cire nata, ku samo wani ku gwada.” Linzami kuwa shi ne sunan da Sadisu ya zaɓa wa ɗan abin nan mai waya da ake turawa a kan tebur. Nomau ya zo tagar aji ya isar da saƙo yadda aka ba shi. Malama tana tsakiyar darasi, ta tuna ɗan Baba Wakili ya dawo hutu da tasa kwamfutar, sai ta ce, “Akwai a gidan Baba Wakili, je ka aro.” Nomau ya je ya yi sallama ya ce Malama ce ta aiko a ba ta aron linzami. Tsohon ya yi mamaki, amma ya shiga barga ya ciro na tsohuwar goɗiyarsa ya miƙa masa, ya ce a gaishe ta, ya kuma tambaya yaushe makaranta ta sayi doki. Nomau ya dawo ya zagaya akwatin yana neman baki. Ya ga wata 'yar ƙofa a gaba inda ake saka faifai, ya yanke shawarar nan ne. Yana cikin lallaɓa ƙarfen ya shiga sai ga Baba Wakili da kansa ya biyo baya da sanda, wai ya zo ganin dokin. Malama ta shigo ta same su su biyu a durƙushe, tsohon na cewa, “Ka ɗaga mata kai, yaro, ba haka ake sawa ba.” Ranar har Malama sai da ta yi dariya ta riƙe ciki. Aka aro linzamin gaske daga wurin ɗan, aka gwada. Allo baƙi. Kwana huɗu sun tafi.

Wata rana Sadisu ya tambaya, “Idan an kunna ta, tana yin kuka?”

Nomau ya ce, “Tana yi. Tit, tit, tit, sau uku, ta yi shiru, ta sake.”

“Yauwa! To wannan kukan gaya mana take yi ciwon a cikinta yake. Bari in yi tunani, ka sake kira gobe.”

Nomau ya sauko jikinsa a sanyaye. Ashe duk kwanakin nan baiwar Allah ciwon ciki take fama da shi, su kuwa suna ta zakara da linzami. Sadisu bai ce a yi komai ba, don haka babu saƙon da zai kai wa Malama. Amma shi a saninsa ba a barin mai ciwon ciki sai gobe. Ya ɗauko baro, ya shimfiɗa buhu biyu, ya kwance wayoyi, ya kwantar da akwatin ya lulluɓe da rigarsa, ya tura a hankali zuwa ɗakin shan magani, yana kauce wa kowane rami. Ya bi layi bayan mata masu awo. A makaranta kuwa Malama ta leƙa ofis ta ga wayam. Ta ƙwalla ihu an sace kwamfuta. Aka buga ƙararrawa, yara suka watsu cikin gonaki, maza suka fito da sanduna, wani ya hau babur ya tare hanyar kasuwa. Ana cikin haka sai ga Malam Isiyaku mai allura ya taho, Nomau na biye da baro.

Isiyaku ya ce, “Malama, ga majinyaciyarku. Na ce masa ba ɓangarena ba ne, ya ce ko kanwa ce in jiƙa mata.”

Malama ta yaye rigar ta ga akwatin lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ta zauna a kan dakali tana ta hamdala. Masu sanduna suka koma gona suna dariya.

Wata rana Sadisu ya ce yana son ganin bayan akwatin da idonsa. Ya ce, “Ku nemi yanar gizo mai ƙarfi ku turo mini hoto.” Wannan kam ta ba Nomau kunya, don shekara tara yana shara, bai taɓa barin yanar gizo ko ɗaya a makarantar ba. Sai da ya shiga rumbuna uku da tsohon shagon maƙeri kafin ya tara rabin ƙwarya, ya zaɓi masu kauri. Malama ta kalli ƙwaryar, ta kalli Nomau wanda kansa ya yi fari fat da yana. Ta ɗauki hoton bayan akwatin, ta ba wani malami wayar ya hau dutse lokacin hutun tara ya tura. Sadisu ya duba ya ce wayoyi duk suna daidai.

Saura kwana biyu. Ranar da yamma Nomau ya koma gida ya tarar da Zulai zaune bakin turke, tuwonta a gaba ba ta taɓa ba. Tun tana aji uku take cewa ita malamar asibiti za ta zama. Ta ɗago ta ce, “Baba, da gaske ne sai baɗi?” Nomau ya matsar mata da kwanon tuwon kusa. Hansai ta ja shi gefe ta ce, “Malam, na san ƙoƙari kake yi. Amma gari ya ɗauka kai ne ke ƙara lalata abin. Don Allah gobe ka saurara da kyau.” Ya ce to. Shi ma ranar bai ci tuwon ba.

Wata rana, wadda ita ce ta tara, Nomau ya hau dutse tun da hantsi. Hadari ya haɗo, muryar Sadisu na zuwa tana yankewa. Ya ji shi yana cewa, “Malam Nomau, ni na yi iyakar abin da zan iya ta waya. Yanzu ba gyaran ne ya dame ni ba. Babban abu shi ne a fitar da duk abin da ke cikinta, a ajiye a wuri mai kyau, kada ko ɗaya ya ɓata. Sai dai wannan aikin...” Nan waya ta yanke. Sadisu sunaye da hotuna yake nufi, kuma abin da zai ƙarasa shi ne aikin sai gwani. Nomau ya sake kira har sau biyar bai samu ba. Ya sauko ya nemi Malama, aka ce ta tafi awo, sai azahar. Ya tsaya ya yi tunani. An ce ya saurara da kyau, ya kuwa saurara. Gobe ne ranar ƙarshe.

Ya shimfiɗa sabuwar tabarma a ofis, don an ce wuri mai kyau. Ya zare wayar wuta daga bango saboda kada ta harɗe shi. Ya ɗauko sukundireban da yake gyaran kujeru da shi, ya kwance murfin akwatin. Ya ga wayoyi da faranti kore da wasu 'yan sanduna biyu masu haƙoran zinariya a tsaye. Ya yi bisimilla ya fara. Duk abin da ya ciro sai ya ajiye shi a tabarma daidai inda yake a cikin akwatin, na dama a dama, na hagu a hagu. 'Yan sandunan suka ƙi fita, bai ja da ƙarfi ba, ya duba ya ga ƙananan maƙalai a gefe, ya danna, suka fito. A gindinsu ya tarar da gidan zanzaro, dunƙulen laka ya bushe ya cusa kai har cikin ramin da ɗaya ke zaune, ya ɗan ɗaga ta. An ce duk abin da ke ciki, saboda haka ya ɓamɓare shi ya ajiye. Ya ciro busasshiyar tsaka a bayan fanka. Ya samo gashin kaza ya share kowane lungu, ya tara dattin a takarda, shi ma ya ajiye a gefen tabarma kada ya ɓata.

Da azahar Malama ta turo ƙofa. Ta ga akwati fanko, ta ga kayan cikinsa jere a tabarma kamar ana talla, ga Nomau zaune a gefe yana gadi. Jakarta ta faɗi.

“Nomau! Me ka yi? Ka kashe mu!”

“Injiniya ne ya ce a fitar da duk abin da ke ciki. Ko ɗaya bai ɓata ba, ranki ya daɗe, ki ƙirga.”

Hawaye suka zubo mata. Ta ce, “Mayar! Mayar da komai yadda ka same shi, ko Injiniya ya samu abin da zai duba in ya dawo. Yara kam sun riga sun yi asara.” Ta fita ta zauna a baranda ta rufe fuska da mayafi.

Nomau ya ji maganar har ƙashinsa, don 'yarsa na cikin yaran. Amma an ba shi aiki. Ya fara mayarwa ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen fita shi ne na farkon shiga. Kowace waya ya bi ta ya kai ta raminta. 'Yan sandunan ya goge haƙoransu da bakin riga, ya danna kowace sai da ya ji ta ce ƙas. Ya ɗaure noti. Sannan ya tuna da safe ya same ta da wayar wuta a bango, kuma Malama ta bar ta a kunne da ƙaramar fitila na ci. An ce yadda ya same ta. Ya soka waya, ya danna maɓalli.

Tit. Sau ɗaya.

Malama na baranda ta ji. Kwana tara kunnenta ya saba da uku, ta jira sauran biyun ba su zo ba. Ta miƙe ta leƙo. Allo ya yi haske, rubutu ya gudana, sai ga hoton ginin makaranta ya bayyana yadda ta saba gani kullum. Ta ja kujera, ta buɗe inda sunayen suke. Arba'in da uku, kowa da hotonsa. Ta kifa kai a tebur tana kuka tana dariya, ba abin da ke fita daga bakinta sai Alhamdulillahi. Nan take ta kwafe komai a 'yar ma'ajiyar da ke rataye a makullinta, ta sake kwafewa a ta wani malami, ta ce gobe da sassafe ya hau babur ya kai ofishin ilimi. Labari ya shiga azuzuwa, yara suka ɓarke da ihu. Zulai ta zo da gudu ta tsaya a taga, Malama ta juya allon ta nuna mata fuskarta.

Hadari ya wuce, aka samu Sadisu. Da malamin da ya hau dutse ya ba shi labari, sai Sadisu ya ce, “Gidan zanzaro a gindin sandunan? Ai kukan nan uku abin da yake nufi ke nan, ɗaya ba ta zauna daidai ba. Na zarge su tun ranar, amma na ji tsoron in ce a buɗe, kada a karya wani abu. Wa ya yi aikin?” Aka ce Nomau. Ya ce, “Wane Nomau? Mai garwashi?”

Shi kuwa Nomau duk murnar nan bai shiga ba tukuna. Yana tsaye a bayan Malama, fuskarsa cike da damuwa, hannu ɗaya riƙe da gidan zanzaro, ɗayan da takardar datti da busasshiyar tsaka a kai.

Ya ce, “Ranki ya daɗe, ki gafarce ni, ban gama ba. Kin ce komai yadda na same shi. Ki ɗan kashe ta in mayar da waɗannan.”

Malama ta rungume akwatin da hannu biyu ta ce, “Malam Nomau, waɗannan naka ne, na ba ka kyauta. Je ka gida ka ci tuwo.”

Nomau ya yi godiya, ya naɗe kyautarsa a takarda ya sa a aljihu, ya kama hannun Zulai suka nufi gida. Ranar malmala uku ya ci. Iyakar abin da ya zo kunnena ke nan, na kuwa ba ku shi yadda na same shi.